Tsagar Gaban Riga

Zafin ranar har fanka ta sallama, iska mai ɗumi kawai take juyawa. Mai Jego na yi wa jaririnta fifita, sai ga surukarta, Inna, ta banko labule riƙe da doguwar rigar da ta ciro daga igiyar shanya.

"Wa ya tsaga gaban wannan?"

"Ni ce, Inna. Yadin ba nauyi, na sa zif a ɓoye, ga shafi ya rufe shi. In zan shayar ba sai na ɗage..."

"Da ita kike sallah?"

"E, Inna."

"Innalillahi! Tsagaggiyar riga a gaban Ubangiji? Ashe gidan ɗana ba sallar kirki tun da kika haihu!"

Auta, mijin Mai Jego, ya dawo daga gareji ko hannu bai wanke ba Inna ta tare shi. "Ko rigar nan ta bar gidan nan, ko mai ita ta bari. In ka musa, ban yafe maka nonon da ka sha ba!"

Auta na son matarsa kamar ransa, amma wa ke ja da wannan kalma? Ya sunkuyar da kai. Mai Jego ta share hawaye, ta koma cikin riga mai kauri da baƙin hijabi har ƙasa, domin Inna ta tare a falo tana gadi, ga baƙi ba sa yankewa.

Duk sa'ad da ta tura yaron ƙarƙashin hijabin, sai ya fito sharkaf da gumi. Ƙuraje suka feso masa a wuya. Ya fara kama nono yana saki, daga baya ya ƙi shi sam. Kukan da ke cika gida ya koma ɗan siriri, daga nan kuma sai shiru, irin shirun da ke tsinka zuciyar uwa. Da safe ta taɓa tsakiyar kansa ta ji ya lotsa.

"Baban yaro! Taso ka gani!"

A asibiti nas ta ce ruwan jikinsa ne ya yi ƙasa, lallai ya sha nono yanzu. Layin cike yake da maza da mata. Auta ya zaro leda daga ƙarƙashin kujerar motarsa, inda ya ɓoye rigar tun ranar da Inna ta hana sa ta.

"Je ki saka. In laifi ne, a wuyana."

Can sai ga Inna tana haki. Ta tarar da surukarta zaune a benci, rungume da yaro, ba ta ko motsi.

"Ke wace irin uwa ce? An ce a shayar da shi, kin zauna kina kallon mutane!"

"Tun ɗazu yake sha, Inna."

Inna ta duƙa. Ta ji ƙwat-ƙwat ɗin haɗiya. Ta duba sama, ta duba ƙasa tana neman inda fata ta bayyana, ba ta samu ba. Sai a lokacin ta gane rigar nan ce da ta hana.

Aka kira azahar. Inna ta miƙa hannu ta karɓi jikanta, idonta ya kawo ruwa.

"Je ki yi sallarki, 'yata. A haka."

Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Amma iyaye, a riƙa dubawa kafin a yanke hukunci, domin sutura rufin jiki ce, ba azaba ba, kuma addini bai ɗora wa uwa abin da zai cutar da ɗanta ba.