Shirun Maman Mimi

Tun da Yaya Babba ta kira waya ta ce tana tafe ranar Asabar, gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Maman Mimi ta rufe keken ɗinkinta da zane, don ko zare ta kasa zurawa a allura. Ta san abin da zai kawo yayar mijinta. Mimi, 'yarsu tilo, tana aji uku amma har yanzu ba ta iya haɗa baƙi ba, Yaya kuwa ta rantse sai ta ɗauke ta ta riƙe a gidanta.

"Uwarta ce ta sangarta ta!" in ji Yaya ga ƙanenta a waya, muryarta har kicin. "Kai kuma so ya rufe maka ido!"

Abin da ya fi ci wa Maman Mimi rai, mijinta bai musa ba. Yaya ce ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, bai taɓa yi mata musu ba. Mutumin da kan dawo daga tuƙi yana tsokanarta da "Madam Tela", yanzu sai ya ajiye makullin mota ya juya wa bango fuska.

"Abban Mimi, ka ce wani abu mana!"

"In ce me? In ta kasa karatu a gaban Yaya, ba ni da bakin hanawa."

Laifin Maman Mimi ɗaya ne, tausayi. Da zarar yarinyar ta cije a kan kalma ta fara rarraba ido, sai ta yi caraf ta faɗa mata. Malamar ajinsu ce ta gano haka.

"Ke ce kike karatun, ita amshi kawai take yi," in ji malamar. "Ki bar ta ta yi kokawa da kalmar. Ki yi shiru, ko da zuciyarki za ta fashe."

Tun daga nan kullum da yamma suke zama a falo, baƙi bayan baƙi, uwa na cizon leɓe, 'ya na hawaye. Ci gaban kuwa sai an zuba ido sosai a gan shi.

Ranar Asabar Yaya Babba ta shigo tana jan akwati, daga ƙararsa ka san ba komai a ciki.

"Na kayan Mimi ne," ta ce, ko gaisuwa ba ta gama amsawa ba. Ta ture littafin makarantar Mimi gefe. "Wannan ta haddace shi, ba za ku yi mini wayo ba." Ta zaro sabo fil daga jakarta, ta ɗora yatsa a kan layi. "Karanta!"

Mimi ta dubi layin, ta ɗago ta dubi uwarta, idanunta na roƙo. Kalmar tana kan harshen Maman Mimi, raɗa ɗaya ta isa. Tsoro ya kama ta, amma ta sunkuyar da kai ta yi gum.

Ba abin da kake ji sai fanka. Shirun ya yi tsawo, har Yaya ta taɓe baki ta miƙa hannu za ta karɓe littafin.

"Yaya, don Allah ki bar ta tukuna." Muryar Abban Mimi ce. Ya taso ya zauna kusa da matarsa.

"Tsun… tsu," in ji Mimi da ƙyar. "Tsuntsu… ya… sau-ka… a kan… bi-shi-ya." Sai ta zaro ido. "Mama! Ni na karanta — ni kaɗai!"

Yaya ta ja tsaki. "Wannan jan ƙafar ne karatu?"

"Nata ne, Yaya, ba wanda ya ara mata," ya ce a hankali. "Kuma a gidan nan za ta ƙarasa, a hannun uwarta."

Maman Mimi ta fashe da kuka, mijinta ya riƙe hannunta a gaban kowa bai saki ba. Ranar ta gane cewa yaron da ke baya ba gaggawa yake buƙata ba, haƙuri yake buƙata, kuma wani lokaci babbar ƙaunar uwa ita ce ta danne zuciyarta ta jira.