Akwatin Kifin Mai Lofe

Ruwa kawai Balarabe ya je ɗebowa. Jarkoki biyu a bayan keke, rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan dam ɗin Tiga. Lokacin dam ɗin sabo ne fil, ruwa bai ma gama haɗiye kawunan itatuwan tsofaffin garuruwan da ya ci ba.

Kuma ruwan ba na sha ba ne. Na kifi ne. Kifin ma babu shi tukuna.

Ga yadda aka yi. Balarabe mutumin Bebeji ne, mai kula da injin tura ruwa. Aka ba shi gidan da wani injiniya Bature ya tashi daga ciki, wanda leburori suka laƙaba wa Mai Lofe saboda lofen tabarsa. Baturen ya kwashe komai nasa, ban da wani akwatin gilashi a falo, mai tsawon gadon yaro. A zamanin Mai Lofe, Balarabe ya sha zuwa gyaran famfo ya ɓuge da tsayuwa gaban akwatin nan baki buɗe. Ruwan teku ne a ciki, mai gishiri. Ga duwatsu masu ramuka kamar saƙar zuma. Ga wasu abubuwa kamar furanni amma da ransu, ka matso su tsuke. Ga kifaye rawaya da shuɗi, sai ka ce atamfa aka ɗinka musu. Mai Lofe ya taɓa ce masa da gurguwar Hausarsa, “Ruwa ya tafi sama, gishiri ya zauna. Sai ƙara ruwa mai daɗi.”

To, gidan ya yi watanni a rufe. Da Balarabe ya tare, ruwan ya ƙafe ya koma rabi, kore shar, gishiri ya daskare a bakin gilashin kamar kanwa. Kifi ko ƙaya. Wari kuwa kamar majema.

Matarsa Turai ta toshe hanci da gefen mayafi. “Malam, don Allah a fitar mana da masan nan daga falo.”

“Masai? Ke dai bari. Sai an zo daga Kano kallon abin nan.”

Ya duƙufa. Ya kankare gansakuka da reza, ya wanke duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya gyara ɗan injin da ke hura kumfa, ya sa sabon ƙwan lantarki. A sito ya tarar da rabin buhun gishirin Mai Lofe, da wata ’yar kwalba mai iyo da ake gane yawan gishiri da ita: in ya yi yawa ta taso, in ya yi kaɗan ta nitse. Wani direba mai ɗauko bututu daga Ikko ya yi masa alkawarin kifayen teku. Saura ruwa mai daɗi. Na famfo yana warin magani, zai kashe ’yan furannin da suka rage. Shi ne ya nufi dam.

A bakin ruwa ya tarar da Inuwa yana naɗe koma. Inuwa taubashin Turai ne, manomi da ruwa ya mayar masunci, kuma duk Tiga babu shaƙiyyi kamarsa. Shi ya taɓa sa wa Balarabe kwaɗo a takalmi a ƙofar masallaci.

“Injiniya!” in ji Inuwa. “Wai kai ne za ka haƙa teku a falo? Baiwata ta ba ni labari. Wannan na baki duk fitsarin shanu ne. Shigo in kai ka inda yake garau.”

Suka shiga kwalekwale. Inuwa na tuƙi yana zuba, har suka kai wajen wasu busassun rassa da suka leƙo daga ruwa kamar yatsu.

“Nan ne Ɗinyawa, garinmu,” ya ce. “Rijiyar gari tana ƙarƙashinka daidai. Can kuma gidan Kaka Hindu, inda matarka ta girma. Ɗebi abinka.”

Balarabe ya danna jarka. Ta fara ɓul-ɓul-ɓul. Sai ya lura kwaɗin bakin gaɓa sun yi tsit. Iska ta tsaya. Wani ƙamshi ya taso, ba na ruwa ba, na nunanniyar ɗinya da hayaƙin kara.

Da ya ciro jarkar, sai da ya sa hannu biyu.

Inuwa ya daina dariya. “Mu tafi, magariba ta yi.”

Balarabe ya harare shi. A ransa ya ce, wannan ɗan banzan wani abu yake shirya mini.

Da ya koma gida ya zuba ruwan a akwatin. ’Yar kwalba ta sauka ta tsaya daidai zanenta. Washegari furannin nan da suka dunƙule kamar hannun jariri suka buɗe, ja-ja da ruwan goro, suna rausaya. Balarabe har da taka rawa. Turai ma ta zo ta tsaya, ta daɗe tana kallo.

Bayan kwana kaɗan, ya dawo daga aiki ya ga duwatsun sun motsa. Shi tsibi ya yi da su a tsakiya. Yanzu sun yi da’ira, an bar ’yar kafa a gaba.

“Turai, wa ya shigo?”

“Inuwa ne ya kawo mana tarwaɗa da azahar.”

“Ai na sani.”

Ya mayar da su tsibi. Kashegari suka sake yin da’ira, har da wani kewayayyen dutse a tsaye a gefe. Balarabe ya ce to, ai ba Inuwa kaɗai aka haifa da wayo ba. Ya ɗaure murfin akwatin da baƙin zare. Ya barbaɗa toka siririya a ƙasa. Ya kulle falo ta waje, ya tafi da makulli, ya bar ƙofar da ke ɓullewa tsakar gida kawai.

Da ya dawo, zare na nan a ɗaure. Duwatsu sun ƙara gini. A kan toka kuwa sawu ɗaya ne, na Turai. Sawun ya je gaban akwatin. Ya tsaya. Ya koma.

Balarabe ya tare Inuwa a bakin ruwa.

“Kai da taubashiyarka kun haɗa baki ko? Ita ce ’yar aikenka?”

“A kan me?”

“Duwatsuna.”

Inuwa ya kwashe da dariya. “Injiniya, wallahi da ni ne da tuni na ba da labari a kasuwa. Ina daɗin tsiya in ba a san ni na yi ba?”

Amma ya biyo shi gida. Ya shiga falo yana tsokanar Turai, ya sunkuya gaban gilashin. Ya daɗe a sunkuye.

“Wa ya jera wannan?” Muryarsa ta yi ƙasa.

“Kai za a tambaya.”

“Ga zaure. Ga ɗakin Kaka. Ga rumbu.” Ya nuna wani ɗan lungu mai duhu bayan kewayayyen dutsen, amma bai bari yatsansa ya taɓa gilashi ba. “Har da nan.”

Ya ja Balarabe waje, ya yi masa raɗa. Bayan rumbun Kaka Hindu akwai lungun da ba a sharewa, ba a zubar da ruwan zafi, ba a kai gishiri kusa, don masu wurin ba sa shiri da shi. Tun kakanni ake zaman lafiya da su. Kafin Kaka ta rasu ta bar wa Turai amana: in har aka tashi daga gidan, ta je ta yi musu sallama, kada a bar su kamar kayan da aka manta. Ranar tashi, ruwa ya kawo bakin gonaki, motar kwasar kaya na ta hon, yara na kuka. Turai ta hau mota.

“Ka zubar da ruwan nan yau,” in ji Inuwa. “Ni na kai ka wurin, ban yi tunani ba.”

Balarabe ya ƙura masa ido, yana jiran gefen bakinsa ya motsa. Bai motsa ba. Ya ce a ransa, lallai yaron nan ya ƙware.

“In zubar, ga kifi na hanya? Sannu, Malam Inuwa. A gai da kwaɗo.”

Amma daga ranar ya sa wa matarsa ido. Ya ga hannun rigarta na dama kullum a jiƙe. Ya tambaya, ta dubi hannun kamar na wata, ta ce ba ta sani ba. Tuwonta ya daina jin gishiri. Da ya yi magana, ta ce ita yanzu ɗaci yake mata.

Sannan ruwan akwatin ya fara ƙaruwa, ba wanda ya ƙara. ’Yar kwalba tana nitsewa. Furannin suka tsuke, suka yi fari. Ya tsoma yatsa ya lasa.

Ruwan rijiya. Har da sanyin randa.

Ran nan ya taso aiki rana na faɗuwa. Tun daga ƙofa ya ga ba hayaƙi a madafa. Ya jingine keke. Ya yi sallama.

Shiru.

Sai ƙamshin nan. Ɗinya da hayaƙin kara, da danshin daɓen ƙasa.

Sai sautin daka. Dum. Dum. Dum. Can nesa, kamar daga ƙarƙashin bargo. Maƙwabta ba sa daka a wannan lokacin.

Ya taka falo, ruwa ya shafi idon sawunsa. Sanyi ƙarara.

Injin kumfa ya tsaya. Fitilar akwatin ce kaɗai ke ci, ita ma ta koma ja kamar aci-balbal.

Turai na tsaye. Murfin na ƙasa. Hannunta na cikin ruwa har kafaɗa.

Balarabe ya san zurfin akwatin nan. Shi ya wanke shi. Iyakarsa gwiwar hannu.

“Turai.”

Ba ta juyo ba. Kumatunta ya kusa taɓa ruwa.

“Inuwa,” ya ce da raɗa, “in kai ne, ya isa haka. Ka ci.”

Dakan ya tsaya.

Wata murya ta fito daga ruwan, siririya, ta tsufa, ba fushi a cikinta.

“Turai. Kin tafi ba sallama.”

“Ga ni nan,” in ji Turai, da muryar ƙaramar yarinya. “Ga ni nan zuwa.”

Ya rungumo ƙugunta ya ja. Kamar ya ja bishiyar kuka. Kunnenta ya shiga ruwa. Gashinta ya bi.

Ya dubi gilashin. A bakin ɗan zauren dutsen nan akwai wani a tsaye. Bai fi tsawon yatsa ba. A bayansa wasu. Ba Turai suke kallo ba.

Shi suke kallo.

Ya sake ta. Ya ruga sito, yana zamewa, ya buge goshi da ƙofa. Hannunsa ya faɗa kan buhun Mai Lofe. Ya dawo. Rabin fuskarta ya nitse, idonta ɗaya a buɗe cikin ruwa.

Ya yi bisimilla, ya juye buhun gaba ɗaya.

Ruwan ya yi cuuu, kamar an jefa ƙosai a mai. Ya ji guje-guje. Ƙore na faɗuwa, akuya na kuka, ana kiran yara. Irin hayaniyar gari mai tashi.

Fitila ta mutu.

Suka zube ƙasa tare, Turai na tari tana amayar da ruwa. Can masallacin ma’aikata ladan ya ɗaga murya.

Da safe Inuwa ya zo ba a aika masa ba. Bai ce Injiniya ba, bai ce baiwata ba. Suka kwashe ruwan akwatin kaf a jarkoki, Inuwa ya tuƙa su zuwa wajen busassun rassan. Balarabe ya juye. Turai ta durƙusa a kwalekwale, ta sunkuya kan ruwa.

“Salamu alaikum, masu wuri. Ni ce Turai, jikar Hindu. Mun tashi, ban faɗa muku ba. Ku yafe mini. Yanzu muna zaune a...”

Inuwa ya toshe mata baki da tafin hannu. “Ke! Sallama aka ce, ba kwatance ba.”

Amma Balarabe ya ga leɓenta ya ci gaba da motsi bayan an cire hannun.

Direban Ikko ya cika alkawari, ya iso da kifaye masu atamfa cikin leda. Balarabe ko kallo na biyu bai yi musu ba, ya ce a kai wa wani a otal ɗin Bagauda. Akwatin ya koma sito a bushe, duwatsun a ciki, an binne su da gishiri. Tuwon Turai ya dawo da ɗanɗanonsa. Hannunta na dama ne dai, daga gwiwa zuwa kafaɗa, ko ana zafin bazara sanyi ƙalau yake.

Kuma a bayan madafarta akwai wani ɗan lungu da tsintsiyarta ke kewayewa.

Balarabe ya gani. Bai tambaye ta ba. Sau ɗaya dai, da yamma, ya faki idonta ya barbaɗa toka a wurin, ya leƙa da safe.

Bai ƙara barbaɗawa ba.