Limancin da Mutawakkil Ya Ƙi

Dutsin-Ma ta canza a shekarun da Mutawakkil ya yi ba ya nan. Gonakin bayan gari sun zama ɗakunan hayar 'yan jami'a, mai shayin bakin tasha ya koma POS, an sare dalbejiyar ƙofar gidansu, mahaifinsa kuma ƙasa ta rufe shi. Har sunansa ya canza, duk inda ya gifta sai ya ji, "Malam, barka da dawowa!"

Ya samu Gwaggo Dada, ƙanwar mahaifinsa, tana tankaɗe a tsakar gida.

"Gwaggo, wa ya mayar da ni Malam?"

"Ni ce! Me kake so in ce wa jama'a? In ce giya ta kayar da kai a Legas har aka kwashe ka zuwa gidan gyaran mashaya? Cewa na yi karatu ka tafi Zariya."

"Gwaggo, a cibiyar da aka yi mini maganin kullum da safe sai kowa ya miƙe ya faɗi sunansa da ciwonsa. Sun ce ɓoyewa ita ke mayar da mutum..."

"Can ne! Nan Zaituna kake so ko surutu?"

Zaituna 'yar Alhaji Rabo ce, babban dillalin hatsi a Kurfi. Ita kaɗai ta san gaskiya a gidansu. Lokacin da Mutawakkil ke kwance yana kakarin amai, hannunsa ko kofi ba ya iya riƙewa, ita ke kiran wayar cibiyar tana cewa, "Ka daure, ina nan."

Ranar gaisuwar iyaye suka tafi Kurfi da ɗan Gwaggo, Kamilu, da dattawa. Alhaji Rabo sai fara'a yake, yana nuna shi ga maƙwabta. Aka kira La'asar a masallacin ƙofar gida, limamin kuwa ya yi tafiya. Alhaji ya kama hannun Mutawakkil.

"Ga malami Allah ya kawo mana daga Zariya. Malam, bismilla, shiga gaba."

Kamilu ya raɗa masa a kunne, "Guy, La'asar ce fa, a ɓoye ake karatu. Wuce kawai, ba mai ganewa!"

Mutawakkil ya dubi sahu, tsofaffi masu furfura suna jira su bi shi zuwa gaban Allah.

"Baba, ku gafarce ni. Ban taɓa karatu a Zariya ba. Giya na sha har ta kusa kashe ni, daga wajen magani nake. Na daina, amma har yau fama nake."

Wani tsoho ya shiga gaba ya ja salla. Da aka sallame Alhaji ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, yaro. Amma 'yata ba gonar gwaji ba ce." Kafin su hau mota an mayar musu da goronsu da alawa.

"Ka kashe ni, Mutawakkil!" Gwaggo ta ɗora hannu a ka tana kuka. "Raka'a huɗu kawai!"

Kafin mako ya zagayo yaran majalisa sun raɗa masa Malam Kwalba. Mai shagon da ya yi masa alkawarin aiki ya daina ɗaga waya. Wata rana da tsakar rana ƙafarsa ta kai shi har bakin lungun da ya san ana sayar da giya. A nan tsaye ya kira Oga Yazid, mai kula da su a cibiyar.

"Oga, ga ni a ƙofar wajen."

"Juya baya, kar ka kashe wayar. Taka! Gobe ka hawo mota ka dawo, sababbin shiga na bukatar wanda ya san abin."

Da yamma Zaituna ta kira, muryarta a dashe.

"Baba ya ce in an girbe geron baɗi kana nan a tsaye, zai sake sauraren maganar. Bai ce ya yarda ba fa."

"Ke kuma?"

"Zan yi ƙoƙari. Amma kullum da manemin da ake turo mini, ban san iya ƙarfina ba." Ta fashe da kuka.

Jama'a, rufin asirin da aka gina kan ƙarya, mai ciwon yake fara dannewa. Wanda ya tuba ya nemi magani, in ba mu ba shi wurin zama a cikinmu ba, wurin da ya baro yana nan buɗe yana jiransa.

Da safe Mutawakkil yana ninke rigunansa Gwaggo ta shigo, idonta a kumbure, ta cusa ƙullin ƙuliƙuli a jakarsa.

"In an tambaye ni ina ka tafi fa?"

"Me za ki ce?"



"Zan ce magani ka koma."

Ya ja zif ɗin jakar, ya fara neman takalminsa.