Robar Tsane Salak

Wata huɗu da bikin Shamsiyya da Jelani, surukarta Inna Dijatu ta zo Tudun Wada daga Dundaye da ƙunshin salak a ka, ta tarar da amaryar a kicin tana murza wata roba mai ƙugi. Roba ce babba da kwando a cikinta. In an zuba wankakken ganye aka juya mariƙin murfin, sai kwandon ya yi ta wulwulawa har ruwan ya tsane tas.

Ba ƙugin ne ya ɓata wa Inna rai ba. Yarinyar nan ta karɓi salak ɗin da Inna ta tsinko da hannunta a fadama, ta jiƙa shi a ruwan gishiri, ta ɗauraye har sau uku, sai ka ce a kwata aka tsinto shi. Shekara talatin Inna tana datun salak, wato kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli, kuma a wurinta tsomawa ɗaya ta isa, don jiƙaƙƙen ganye kan mai da ƙuli kunu.

"Ke ɗiyag ga, ƙazanta kinka gani ga ganyena?" in ji Inna.

Shamsiyya ta durƙusa ta ce ko kusa, robar ma don datun kada ya jiƙe aka saye ta. Inna ta ce ita ba ta cin abincin da aka yi da katantanwar yara, ta saɓa mayafinta ta fice.

Akwai abin da Inna ba ta sani ba. Sau biyu taifot na kwantar da Jelani a shekara guda, kuma likita ya ce ɗanyen ganye ne, don ruwan da ake ba fadamar yanzu yana gauraye da na kwatocin gari. Jelani ya roƙi matarsa da girman Allah kada zancen ya kai kunnen Inna, don da wannan fadama ta raine shi tun rasuwar mahaifinsa. Shi ba ya iya ƙin salak ɗin mahaifiyarsa, ita kuma Shamsiyya ba ta iya kallonsa yana ci ba wanki. Robar ce ta raba gardama.

Kafin mako ya zagayo, dangi kaf sun ji cewa matar Jelani 'yar boko tana ƙyamar abin hannun surukarta. Inna ta aiko da saƙo: ranar Juma'a za ta zo da wanta Kawu Garba, ko a jefar da robar, ko yarinyar ta koma gidansu a koya mata ladabi.

Jelani mutumin kirki ne, amma a gaban Inna kamar kaza a ruwa yake. Ya ce a tura robar ƙarƙashin gado duk ranar da Inna za ta zo, shi ke nan. Shamsiyya tana hawaye ta ce ai ranar ce Inna kan yi masa datu da kanta, ranar ce kuma abin tsoro.

"Ba sato ta na yi ba, Yaya, balle in ɓoye," ta ce. "Sirrinka na riƙe, ba ni hwaɗi. Amma in sake zaman asibiti ina kallon ana ƙara maka ruwa, wallahi ban iyawa."

Ranar Juma'a bayan masallaci baƙi suka iso, suka tarar da robar a tsakiyar falo, an wanke ta tana ƙyalli. Inna ta kau da kai daga gare ta. Ta shiga kicin ta yi datu irin nata, ta dire kwanon a gaban ɗanta, ta ce ya ci. Jelani ya yi bisimilla ya miƙa hannu.

Shamsiyya ta taso, ta durƙusa, ta janye kwanon daga gaban mijinta.

"Inna, ki yi mani haƙuri. Ba shi cin wanga."

Kawu Garba ya yi salati. Inna ta nuna ƙofa, ta ce tunda abin ya kai ga raba uwa da ɗanta a kan kwano, to Shamsiyya ta kama hanya. Shamsiyya ta yafa mayafi, ta sa takalmi, ba ta kare kanta da kalma ko ɗaya ba. Sai da Jelani ya ji ƙarar sakata sannan bakinsa ya buɗe. Ya tare ƙofa, kansa a ƙasa, ya zayyana komai: likita, ruwan fadama, da alkawarin rufa asiri da ya ɗora wa matarsa.

Inna ta tuna rubutun sha da hayaƙin da ta yi ta kawo masa tana zargin maƙiya, ashe ciwon a kanta take ɗauko shi duk mako. Kunya da tsoro suka rufe ta, idonta ya ciko.

"Kai, don kunyata kas so kashe kanka," ta ce wa ɗanta. "Ita ko ta yarda ta rasa ɗakinta don ranka. Cikinku wa aɗ ɗana?"

Ta juya ga Shamsiyya ta ce ta tuɓe mayafin ta kawo katantanwar. Da hannunta ta wanke sabon ganye sau uku, ta murza mariƙin, ta kwaɗa. Ƙulin ya fito garas-garas. Ta ɗanɗana, ta taɓe baki ta ce gishiri ya yi kaɗan, sannan ta cinye rabin kwanon.

Haƙuri ba shi ne a sunkuya wa kowace magana ba. Shamsiyya ta haɗiye zagi ta riƙe amana, amma ba ta saki gaskiyarta ba, kuma shirun Jelani ne ya kusa rushe gidan.

Da yamma Inna ta hau Keke Napep da robar a cinyarta. Ta ce aro ne, jikokinta na Dundaye ma salak ɗin nan suke ci. Har yau ba ta dawo da ita ba.