Sunan da Ke Kan Dutse

"Karanta mana, amarya!" Gudrun ta ce tana share ƙanƙarar da ta rufe dutsen kabarin.

Irmela ta duba.

Hartmut Brenner.

Sunan saurayinta ne, na wanda ta baro yanzun nan yana faskare a bayan coci!

"Gawa za ki aura," Gudrun ta ce da murmushi. Ita ma fa ta daɗe tana sonsa, ko kallo ba ta samu ba.

Da gudu Irmela ta isa wurinsa.

"Masoyi... wane ne a kabarin nan?"

Ya ajiye gatari a hankali.

"Yayana ne. Yana jariri zuciyarsa ta tsaya. Da aka haife ni sai Mama ta maida mini sunansa, wai mutuwa ta riga ta karɓi Hartmut ɗinta a gidanmu, ba za ta dawo neman wani ba... muddin ba ta ji ana kiran sunan ba."

Sai yanzu Irmela ta gane. Duk ƙauyen "ɗan Mechthild" ake ce masa. Ita kanta ya roƙe ta ta tsaya a "masoyi".

"Shi ya sa Mama ta ƙi aurenmu?"

"Ai sai fada, limamin coci, ya yi shelar sunayenmu kafin a ɗaura. Kabarin kuma ga shi jikin tagar cocin."

Tausayinsa ya kama ta. Ƙato guda, bai taɓa jin uwarsa ta kira sunansa ba!

Ta je ta sami tsohuwar uwar tasa tana yanka kabeji.

"Fita min daga gida! So kike ki kashe min ɗa?"

"Mama, mece ce ma'anar sunan?"

Wuƙar ta tsaya.

"Zuciya mai ƙarfi," Mechthild ta ce can ƙasa. "Sunan kakanni ne, tun zamanin takobi. Na ba na farkon don tasa ta yi ƙarfi... ba ta yi ba."

"Ta wannan ta yi, Mama. Na sa kunne na ji. Amma kin binne shi tare da wancan, yana tafe yana numfashi."

Tsohuwar ta ci gaba da yankan kabejinta. Irmela ta fita tana kuka, ta tabbata ta ɓata komai.

Ranar Lahadi fada ya miƙe zai yi shela. Iska na kaɗa tagar da ke kallon maƙabarta, cocin ya yi tsit. Gudrun har da gyara zama.

"Dakata, Fada!"

Mechthild ce a tsaye.

"Idan za a ji sunan, a bakina za a fara ji."

Ta buɗe baki, murya ta ƙi. Ta sake.

"Hartmut..."

Bai waiwayo ba. Tagar ya kalla, wajen kabarin, kamar yadda ya saba tun yana yaro.

Irmela ta damƙe hannunsa, hawaye na zuba.

"Masoyi, kai ake kira."

Ya juyo a hankali.

"Na'am, Mama."