Kwana Bakwai Babu Amsa

"Don Allah Malam ka amsa... ko ɗigo ɗaya ne ka saka!"

Da waya Seember take magana, ba da mutum ba. Tana zaune a gaban keken ɗinki a shagon Anti Francisca da ke bakin hanyar Makurdi a Lafiya, rigar wata mata na maƙale a ƙarƙashin allura tun azahar. Agogon wayar ya nuna uku da rabi. Saura minti talatin.

"Seember! Wannan waya zai kashe ka wata rana," in ji Anti Francisca, ƙanwar mahaifinta, da irin Hausarsu da ba ta raba mace da namiji, tana guga a bayanta. "Mai riga yana zuwa fa!"

"Yi haƙuri Anti, yanzu zan gama."

Ba ta gama komai ba. Idonta na kan gurup ɗin da ake kira Birnin Tsakar Ruwa.

Wasa ne na WhatsApp, samari da 'yan matan Lafiya kusan tamanin. Kowa ya zaɓi suna da sana'a a cikin wani birni na ƙage da ruwa ya kewaye, ya rubuta abin da yake yi, wani ya amsa masa, labari ya yi gaba. Dokar wasan ɗaya ce mai zafi. Duk wanda ya kwana bakwai babu ɗan birnin da ya amsa rubutunsa, to ruwa ya ci shi. Ƙarfe huɗu na yamma admin za ta cire shi, kuma lambarsa ba ta ƙara shiga. Amsar baƙon da bai yi wata ɗaya ba kuwa ba a ƙirga ta.

Wai an kafa dokar ne don kada mutane su yi barci a gurup. Ƙarya ce tsagwaronta! An kafa ta ne don mutum tara da suka fara wasan, waɗanda ake ce wa 'Yan Bene, su riƙa zaɓen wanda zai zauna. Shugabarsu Zuhra, Uwar Birni, ita ce admin. In ta yi atishawa a gurup mutum arba'in za su yi mata sannu. Wanda ta ɗauke wa kai kuwa, kowa sai ya ɗauke masa, don babu mai son ya sauka daga idonta.

Wata biyar da suka wuce Seember ta baro garinsu Assakio ta zo koyon ɗinki. Ba ta san kowa a Lafiya ba sai Anti Francisca da keken ɗinki. Wata mai kawo ɗinki ce ta tura mata hanyar shiga gurup ɗin. Ta zaɓi zama matuƙiyar kwale-kwale, ta rubuta gaisuwarta da zumuɗi, ta ce ta iso ƙofar birni da jirginta tana neman izinin shiga.

Shiru.

Washegari ta sake. Shiru. 'Yan Bene suna can suna shirya liyafa a fadar Uwar Birni, suna yabon junansu, saƙonta na nutsewa a tsakanin nasu. Ta ji kunya ƙwarai, irin kunyar wanda ya yi sallama a gidan biki aka kalle shi aka ci gaba da cin abinci.

A rana ta bakwai, saura minti goma ƙarfe huɗu ta yi, sai ga amsa daga Mai Tsaron Ƙofa.

"Na ji ƙarar filafilinki tun daga nesa, baƙuwa. Ƙofa a buɗe take. Akwai wurin mutum ɗaya a jirginki?"

Sharhabilu ke nan. Malamin firamare ne, ɗaya daga cikin 'Yan Bene, kuma babu wanda ya kai shi iya rubutu a duk birnin. 'Yan mata har layi suke yi ya amsa musu. Seember ta karanta saƙon sau biyar, ta yi dariya ita kaɗai har Anti ta tambaye ta ko lafiya.

Daga ranar kullum suna cikin jirgi ɗaya. Ita ta kawo abin da ta sani, kifin Binuwai da waƙar masu noman doya, shi ya kawo kalmomi. Mutane suka fara jiran tafiyar jirgin fiye da liyafar fada. Wannan ne laifinta na farko, ita kuwa ba ta ma san ta yi laifi ba.

Wata Asabar wani dogon saurayi ya tsaya a ƙofar shago da riga a hannu.

"Sannunku da aiki. Maɓalli ne ya cire."

Seember ta karɓa ta duba. Zaren a yanke yake tsaf, da reza.

"Wannan maɓalli ba shi ya cire kansa ba, oga."

Ya yi murmushi. "To ya zan yi? Matuƙiyata ta ƙi gaya mini inda take ɗaure jirgi."

Rigar ta faɗi daga hannunta.

"Malam...! Kai ne?"

"Ni ne, Sembi."

Kafin wata biyu duk rigunan Sharhabilu sun rasa maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Yakan zo bayan an tashi makaranta da lemo a leda, su zauna a benci a gaban shago, Keke Napep na wucewa suna hira. Ta so shi, so na gaske, irin wanda ba ta taɓa yi wa kowa ba.

"Malam, ina jin tsoro," ta ce masa wata rana. "Ni coci, kai masallaci. Babana ba zai ji wannan magana ba."

"Ki bar mini wannan, masoyiyata. A hankali za mu bi su. Ni na buɗe miki ƙofa, ba zan rufe ba."

Ta yarda. Wa zai ƙi yarda?

Abin da bai gaya mata da wuri ba shi ne Zuhra 'yar kawunsa ce, kuma tun suna yara dangi suke yi musu tsiyar mata da miji. Shi ya ɗauka raha ce. Zuhra ba ta taɓa ɗaukar ta raha ba.

Kwatsam sai Uwar Birni ta sauko daga bene. Ta fara amsa wa Seember, har da kiranta ƙanwata. Rannan ta rubuta a gurup:

"Jama'a, Mai Tsaron Ƙofa da Matuƙiya sun isa aure a birnin nan! Ni zan yi katin da hannuna."

Al'adar wasan ce. In 'yan wasa biyu za su yi auren cikin labari, akan yi kati da sunayensu na wasa, a yi biki na yini ɗaya a watse. Seember ta yi murna har da hawaye, ta ɗauka 'Yan Bene sun karɓe ta. Da Zuhra ta ce ta turo hotonta mai kyau, uku ta tura.

Katin ya fito ranar Alhamis, ya yi kyau kamar na gaske. Babu Matuƙiya a jiki, babu Mai Tsaron Ƙofa. Abin da aka rubuta shi ne Seember Iorkyaa da Sharhabilu Nababa, ga hotunansu, ga ranar ɗaurin aure. Kafin magariba katin ya shiga gurup ɗin matan cocin Assakio, ya shiga wayar Inna Sailuba, mahaifiyar Sharhabilu.

Washegari motar farko ta safe ta sauke mahaifinta, Baba Iorkyaa, a ƙofar shago, ko takalmin gona bai canza ba.

"Ni dattijon coci, a waya zan ji auren 'yata?"

Ta durƙusa. "Baba wasa ne! Wallahi wasa ne muke yi a waya..."

"Wasa da sunanka? Wasa da hotonka? Wasa da sunana ni?" Ya nuna ta da yatsa. "Jiya mata suna zuwa gidana suna yi wa mamanka jaje. To gaya mini gaskiya, kana son yaron ko ba ka so?"

Da ta ce a'a, da an wuce wurin. Ta kasa.

Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya ga ƙanwarsa.

"Francisca, ƙarshen wata ka sa shi a mota. Ɗinkin ya isa haka."

Da azahar Sharhabilu ya zo. Bai zauna a benci ba, a bakin titi ya tsaya, idonsa jawur.

"Sembi, Inna ta yi rantsuwa. Ta ce in na ƙara yi miki magana, ko na rubuta miki harafi ɗaya, ba ta yafe mini ba duniya da lahira."

"Ka gaya mata wasa ne?"

"Na gaya mata. Sai ta ce in kalli idonta in ce ba na sonki." Ya sunkuyar da kai. "Na kasa."

"To ko a cikin wasan, Malam. Ba na roƙon aure, ba na roƙon ka zo shago. Ka amsa mini sau ɗaya a sati, in san kana nan. In na koma Assakio shi kaɗai zai rage mini..."

"Zuhra na ciki. Kafin in ajiye waya ya isa wurin Inna."

"Ka ce ba za ka rufe ƙofa ba!"

Ya tare Keke Napep ya shiga, bai waiwayo ba.

Ta kira Zuhra.

"Anti Zuhra, me na yi miki?"

"Ni? Kati na yi miki, ƙanwata, ko godiya babu?" Ta yi 'yar dariya. "Shekara uku muna gina birnin nan, ki zo jiya-jiya ki ɗauke mana mai tsaron ƙofa? Kada ki damu, ba zan cire ki ba. Ni doka nake bi."

Kuma dokar ta bi. Ba ta ce kowa ya yi shiru ba, ita dai ta daina amsa wa Seember, sauran suka gane karatun. Kullum da safe Seember takan rubuta cewa Matuƙiya ta kawo jirgi ƙofar birni tana jira. Kullum mutum saba'in da wani abu su karanta. Wasu har sukan bi ta ta bayan fage, "Yi haƙuri 'yar'uwa, abin bai yi daɗi ba." A gurup ɗin kuwa, inda kalma ɗaya za ta cece ta, ko tari babu wanda ya yi. Matsorata!

Yau ce rana ta bakwai.

Huɗu saura kwata. A saman gurup ɗin rubutu ya bayyana, Sharhabilu yana rubutu...

Ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

"Yauwa masoyina... tura... tura mana!"

Rubutun ya ɓace.

Ya sake bayyana. Ta riƙe numfashi, ta ƙirga har ashirin. Ya sake ɓacewa. Daga nan bai ƙara dawowa ba.

Ta koma ta zauna. Hawaye na ɗiga a kan rigar mutane, ta sa yatsa tana jan saƙonnin satin sama, ko akwai wata amsa da ta tsallake. Babu. Amma sai idonta ya faɗa kan wani suna da ba ta sani ba, Ngumimi. Baƙuwa ce daga Obi, ta shigo a ranar da aka daina kula Seember.

"Sannunku, ni sabuwa ce. Ni mai sayar da fure ce, ina bakin ruwa."

Washegari: "Sannunku fa. Akwai mai son fure?"

Na yau da safe gajere ne: "Ko na yi laifi ne?"

Kwana bakwai yarinyar nan tana sallama, babu wanda ya amsa. Har da Seember. Tana can tana kallon suna ɗaya, ta tsallake ta sau bakwai kamar yadda aka tsallake ta a da. Kunya ta kama ta fiye da baƙin cikin.

Huɗu saura minti huɗu. Ita 'yar birni ce har yanzu, amsarta tana ƙirguwa. Ta share ido da bayan hannu ta rubuta:

"Na ji ƙamshin furenki tun daga nesa, baƙuwa. Matso kusa. Akwai wurin mutum ɗaya a jirgina."

Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta shigo.

"Wayyo na gode Anti!!! Na shiga! Ina za mu je?"

Amsa ce, ta farko a kwana bakwai. Amma ta baƙuwa ce, ba a ƙirga ta. Seember ta duba waɗanda suka karanta. Sunansa ne a sama.

Ƙarfe huɗu daidai allon ya motsa.

Zuhra ta cire ki.

Shi ke nan. Babu tsawa, babu girgizar ƙasa, Keke Napep na ta wucewa a titi. Anti Francisca ta ajiye dutsen guga ta zo ta dafa kafaɗarta, ba ta yi faɗa ba wannan karon.

"Ya isa, 'yata. Gama riga. Jibi za ka tafi gida."

Seember ta ɗora ƙafa a kan keke. Ta ɗinka kamar taƙi ɗaya sai wayar ta yi ƙara. Ta wawuro ta da hannu biyu.

Ba shi ba ne. Baƙuwar lamba ce.

"Anti, Ngumimi ce. Ban gan ki a gurup ba. Ina cikin jirgin fa ina jiranki... yaushe za mu tashi?"

Seember ta daɗe tana kallon saƙon. Ta fara rubutu, ta goge. Ta sake farawa, ta sake gogewa. Ta san abin da yarinyar take gani a can Obi a saman wayarta, rubutu na bayyana yana ɓacewa, ta san yadda take riƙe numfashi.

Ta kife wayar a kan tebur, ta kifa kanta a kan keken ɗinki, ta fashe da kuka.