Gahawar Ruwan Randa

Da kwalba a hannu Fiddausi ta fara ganin Zakariyya'u, wata Laraba da hantsi, a layin maƙeran gwangwani na kasuwar Kakuri. Shekara huɗu ke nan da sojoji suka koma bariki, wayar salula ta fara shiga gidajen talakawa, jiniyar masaƙu kuma tana kuka da safe, ko da yake ba kamar da ba. Har yau in ta tuna ranar, ƙarar guduma a kan kwano take fara ji.

Rumfa uku ta shiga, kowa ya ce ba ya irin wannan aikin. A ta huɗu ta tarar da wani saurayi dogo yana gyaran risho, abokin aikinsa Joseph yana yanka kwano a gefe.

"Mataci nake so a yi mini," ta ce, "wanda zai shiga cikin kwalbar nan ya zauna, a rufe da murfi."

Ya karɓi kwalbar, ya juya ta. Tsohuwar kwalbar mayonis ce, an wanke ta tas.

"Me za a tace, ranki ya daɗe? Kunu?"

"Gahawa. A ruwan sanyi."

Ya ɗago ya dube ta sosai, sai ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi.

"Ni dai tun da nake, ban taɓa jin gahawar da ba ta ga wuta ba."

Dole ta ba shi labari. Mahaifinta, Malam Audu, ya yi shekara ashirin da bakwai a masaƙa. A sashen rini ya koyi shan gahawa wajen wani Basudane, har ta zame masa jiki. Da gyambon ciki ya kama shi, likita ya ce ya bari, Baba ya koma shiru-shiru kamar wanda aka yi wa rasuwa. Maƙwabciyarsu a Makera, Mama Judith, wadda ta taɓa zama a Gembu inda ake noman gahawa, ita ce ta ce a gwada jiƙa ta a ruwan sanyi, wai ta fi yi wa ciki sauƙi. An gwada, Baba ya sha bai yi kuka da ciki ba. Abin da ya dame shi tsakin gahawar ne, don ƙyallen da take tacewa da shi ba ya riƙewa.

Zakariyya'u ya auna bakin kwalbar da zare.

"Raga mai laushi zan nemo, wadda ba ta tsatsa. Kuma ba zan liƙe da dalma ba, tunda abin sha ne, ninke bakin zan yi. Ki dawo jibi."

Ta dawo jibi, ya ce ragar ta yi faɗin ido, ta dawo Litinin. Ranar Litinin ya ce murfin bai zauna yadda yake so ba. Joseph ya ajiye almakashi ya yi dariya.

"'Yar'uwa, abin nan tun ranar Alhamis aka gama shi. Yana cikin akwati, a naɗe da jarida."

Zakariyya'u ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ita kuwa ta karɓi matacin ta tafi, sai da ta kai bakin titi ta lura murmushi take yi.

Matacin ya yi kyau, dogo kamar ƙaramin kofi, ya zauna a kwalbar daram. Kullum bayan La'asar takan ɓarza gahawa a ƙaramin turmi, ba ta bari ta yi laushi, ta zuba cokali shida a matacin, ta cika kwalbar da ruwan randa, ta rufe, ta tsoma ta a randar ta kwana. Da hantsi ta zare matacin, ruwan ya fito baƙi wuluk ba ko ɗigon tsaki. Ta sirka da ruwa, ta ɗiga madara. Baba ya kurɓa ya lumshe ido.

"Wanda ya ƙera wannan, hannunsa ya san aiki," in ji shi.

Waya ɗaya ce a gidan, ta mahaifiyarta Rakiya, kuma da yake Inna ba ta karatun boko, Fiddausi ce mai duba mata. A jikin jaridar da aka naɗe matacin ta ga lamba da biro. Kwana tara tana kallon lambar kafin ta tura: "Mataci ya yi. Baba ya gode."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar: "Alhamdu lillahi. Ita kuma 'Yar Kwalba ba ta gode ba?"

"Ta gode, Injiniya. Amma ta yi sawu uku a banza."

"Ba a banza ba. Ni na san abin da na samu."

Haka aka fara. Yakan zo zance ranar Juma'a da yamma, su zauna a dakalin ƙofar gida, ta kawo masa gahawar a kofin silba. Ranar farko ya yamutsa fuska, ya ce ɗaci. Wata biyu bayan nan shi ke tambaya ko an rage masa.

"'Yar Kwalba, kin san abin da gahawar nan ta koya mini?"

"Sai ka faɗa."

"Na daina shan shayi wajen Monday, mai shayin bakin kasuwa. Yanzu gaba yake yi da ni."

Ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi.

Matsalar ta taso ne ranar da Baba ya ɗauki wayar zai kira ƙaninsa, saƙo ya shigo a hannunsa: "Na gaya wa kawunnaina. Suna so su zo gaisuwa bayan Sallah, in Baba ya ba da izini."

Malam Audu bai yi faɗa ba. Ya kira ta, ya sa ta zauna.

"Na bincika yaron nan tun tuni. Ba shi da abin zargi. Amma kin san na samu gida a Tudun Wada, ƙarshen shekara za mu ƙetare. Sau biyu ina ganin garin nan yana cin wuta, Fiddausi. Ba zan kwana a can, 'yata tana wannan ƙetaren ba. In zai tashi ya bi mu, bismilla. In ba haka ba, ga Hamza ɗan abokina, ya daɗe yana magana, shagonsa na can kusa da mu. Ba zan yi miki dole ba, amma ba zan ba da ke a nan ba."

Tun rikice-rikicen da aka yi, mutane suka riƙa tashi, Musulmi suna ƙetara kogi zuwa arewa, Kirista suna dawowa kudu. Layinsu kaɗai gida shida ya canza masu shi.

Da ta gaya wa Zakariyya'u, sai ya ce:

"Lokacin rikicin farko, kwana huɗu na yi a ɗakin mahaifiyar Joseph. Da bakinta ta ce wa masu nema ni ɗanta ne. Rumfar nan tare muka kafa ta. In na tashi na bar shi, da wane ido zan dube su?"

"Ni kuma fa?"

"Ke ce abin da ya sa ban iya barci. Ki ba ni lokaci."

Ana cikin haka Hamza ya zo gaishe da Baba. Yana fita ya tsaya a zaure, ya ce da Fiddausi cikin ladabi, shi ba mai kai gulma ba ne, amma ta tambayi maƙerin nata wace ce yake ɗauka a babur kowace Talata zuwa Barnawa. Ba ta yarda ba, sai da Talata ta zo ta tsaya a bakin titi da kanta. Ta gan shi ya wuce a hankali, wata mace fara a bayansa, ta dafa kafaɗarsa.

Ta daina amsa saƙo. Suka yi ta shigowa.

"'Yar Kwalba, lafiya?"

"Ko laifi na yi, a gaya mini sunansa."

"Yau na ƙona yatsa sau biyu. Joseph ya ce in tafi gida."

Ranar Juma'a ya zo, ta ce a ce ba ta nan. Gahawar ma a makon nan ta ɓaci, don ta daka ta da haushi har ta zama gari, Baba ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye kofin.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Mama Judith ta yi sallama, tare da matar nan ta kan babur. Sai a lokacin Fiddausi ta ga cikin da ke gabanta, ya kai wata takwas.

"Ni ce Tracy, matar Joseph," ta ce tana neman wurin zama. "Maigidana bai iya babur ba, tsoro yake ji. Zakari ke kai ni awo. Yanzu ya ce ba zai ƙara kai ni ba sai na zo na wanke shi. Don Allah ki amsa masa, kar in haihu a hanya."

Inna ta fashe da dariya. Fiddausi ta ji kunya ta rufe ta, hawaye na zuba tana dariya ita ma. Da suka tafi ta ɗauki wayar: "Injiniya, ka yafe mini."

"Na yafe tun kafin ki yi. A rage mini ta Juma'a."

Saura Baba. Shi kuwa wata safiya ya sa babbar riga ya ce zai je Kakuri ya gaya wa yaron gaskiya baki da baki, don kada a yi ta ja masa rai. Fiddausi ta wuni ba ta ci abinci ba. Azahar ta wuce, La'asar ta wuce, sai gab da Magariba ya shigo, idanunsa sun yi ja.

Ya zauna a tabarma, ya dubi Inna.

"Rakiya, kin tuna Daniel? Daniel na sashen rini, wanda muke tafiya aiki a keke ɗaya in tayata ta yi faci?"

"Wanda ya riƙe maka Fiddausi ranar suna?"

"Shi. Ashe shi ne mahaifin Joseph. Na same shi zaune a rumfar, ya tsufa, ido ɗaya ya tafi. Shekara uku ina zaton ya koma ƙauye, shi ma yana zaton na ƙetare. Muka zauna muna ta lissafa mutanenmu, wane ya rasu, wane ya tashi. Ya tuna mini yadda in an tashi aiki kekuna ke cika titi har mota ba ta samun hanya." Ya share fuska da hannun riga. "Na ce masa tsoro nake ji. Ya ce shi ma. Ya ce, Audu, ka tafi abinka, ka tsufa, ka huta. Amma yarinyar nan ni na fara ɗaukar ta kafin kai. In wani abu zai same ta, sai ya bi ta kaina."

Ya juyo ga Fiddausi, wadda ke tsaye a bakin ƙofa.

"Ki ce wa mutanensa su zo bayan Sallah."

Sun tashi zuwa Tudun Wada a watan Disamba, aka ɗaura aure a can cikin Fabrairu. Hamza ya halarta, ya yi wa ango murna, daga baya ma ya auri 'yar ƙanwar Inna. Baba Daniel ya zauna a sahun dattawa da hularsa ta malafa, Tracy ta zo da jaririya a goye, Mama Judith ta kama aikin girki kamar bikin 'yarta.

Da yamma motocin kai amarya suka jeru, za su ƙetara gada zuwa ɗakin da Zakariyya'u ya kama a Makera, layi biyu daga tsohon gidansu. Aka kai Fiddausi gaban mahaifinta, ta durƙusa tana kuka a cikin mayafi. Ya ɗora hannu a kanta.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya, ku da maƙwabtanku, ya ba ku zuriya mai jin ƙai. Ki bi mijinki, shi kuma na gaya masa amana ce."

Mata suka amsa da amin, aka ɗaga ta. Har ta kai zaure ya sake kiran sunanta, ta tsaya.

"In kin isa," ya ce, "ki gaishe mini da unguwa."